Tagar Gidan Abincin Alhaji Bappa

Aikin ƙarƙashin ƙasa wahala ce, ba ni da wani suna da zan ba shi. Na yi gini cikin rana, na yi cikin ruwa, na yi a saman bene inda iska take neman ture mutum, amma ban taɓa shan wuya irin wadda na sha a susol ɗin Alhaji Bappa ba. Susol shi ne ɗakin da ke ƙarƙashin gida, cikin ƙasa, haka muke kiransa a nan Briqueterie, unguwarmu ta Yaoundé da muke ce wa Birik. Ku samarin yanzu kuna shiga irin waɗannan wurare, ku baje a kujera mai laushi, ku ɗaga waya ku ɗauki hoton fitila, ku fito kuna cewa tsara cikin gidan abinci ai ba aiki ba ne, zaɓen fenti ne kawai. Akwai wanda ya faɗa mini haka a teburin mai shayi, har yana cewa shi ma sana'ar zai fara, wai yana da ido. Tafin hannunsa kawai na duba, kamar na jariri.

Sunana Iro, magini ne ni. Karatuna bai wuce na allo da 'yan azuzuwan farko na boko ba, saboda haka kada ku jira lafazi daga wurina. Labarin taga ɗaya zan ba ku. Ita ce aiki mafi kyau da hannuna ya taɓa yi, kuma in kun bi ta layin yau ba za ku gan ta ba.

Gidan Alhaji Bappa a kan gangare yake, kamar rabin gidajen Birik. Bene ne mai hawa biyu, shaguna a ƙasa, iyali a sama. Susol ɗin yana ƙarƙashin shagunan. Ta gefen titi ƙasa ta binne bangonsa, abin da ya fito waje bai kai ƙugun mutum ba. Alhaji mahauci ne, da wuƙa ya tashi, kuma shekara da shekaru a wannan rami yake jibge fatu da matattun firji. Ranar da ya kai ni in duba, ban kai ƙarshen matakala ba na ja rigata na rufe hanci. Bango ya yi baƙi da fumfuna. In ka ɗora hannu sai ka ji kamar ka taɓa bayan kwaɗo. Ruwa na kwance a kusurwa, sauro na biki a kansa. Alhaji ya tsaya a tsakiya, ya buɗe hannuwa, ya ce a nan zai yi gidan abincin da babu irinsa a unguwa. Na ce masa Allah ya ba da sa'a, a zuciyata kuwa na ce tsufa ne ya fara taɓa shi.

Da wata shekara ce da na ƙi aikin. Amma shekarar ba ta yi mini kyau ba. Siminti ya yi tsada, masu gini suka tsaya cak, gidaje suka zauna rabi da rabi da rodi a sama kamar gashin mahaukaci. Ga bayana ya riƙe, na yi kwanaki a kwance. Da na tashi, sai na tarar aikin da ake kirana bai wuce gyaran masai da toshe ramin ɓera ba. Mutumin da ya ɗora benaye a unguwar Nkomkana, yau shi ake aiko wa a ce ya zo ya liƙe bakin kwata. A majalisa an fara cewa Iro ya gama, sai dai tarihi. Ba a gabana ake faɗa ba, amma Birik ba ta da bayan ido, duk abin da aka faɗa zai zo maka har gida. Shi ya sa na karɓa.

Wanda ya koya mini aiki, Pa Simo, ɗan ƙabilar Bamileke ne, a Nkomkana yake. Na daɗe a hannunsa ban taɓa cokalin gini ba. Ɗebo ruwa, tankaɗe yashi, kwaɓa siminti, wanke shebur, shi ke nan. Ranar da ya fara ba ni cokali na jera bulo layi uku ina jin kaina, ya zo ya saki igiyar awo a jikin bangon, ya dube ni, ya sa ƙafa ya ture shi. Ya tafi ya ci abincinsa. Abin da ya fi dukana a kai shi ne ruwa. Kafin a aza komai sai ya sa ni in zagaya fili in nuna masa inda ruwan sama zai bi, in na yi kuskure in sha ranƙwashi. Yanzu in ka ɗaga wa mai koyo murya sai uwarsa ta zo. Shi ya sa bangonku yake tsagewa tun fenti bai bushe ba.

Alhaji bai tsaya a kaina ba, ya ɗauko arshitek, wato mai zanen gini. Madam Ngono, 'yar nan Yaoundé, gajeriyar mace da tabarau, ba ta jin Hausa sai sannu. Da na ji mace ce kuma daga ofis, na shirya mata raini. Sai ga ta ta sauko daga taksi da takalmin roba na shiga ruwa. Ta wuce ni ta sauka ramin ba ta toshe hanci ba, ta bi bango tana ƙwanƙwasawa da mabuɗi, ta durƙusa ta duba inda ruwa ke tsattsafowa. Ta juyo ta ce mini da Faransanci, Shef Iro, wato Oga Iro, kafin mu yi maganar kyau sai mun kori ruwan nan. Na mayar da rainina aljihu. Matar ta san aikinta, ba zan ci haƙƙinta ba.

Korar ruwan ita ta fara cin ƙarfinmu. Baro ba ya sauka matakalar, ta yi tsaye da yawa kuma ta karya kwana. Duk yashi, duk tsakuwa, duk buhun siminti, a ka muka saukar da su. Duk jar ƙasar da muka haƙa, a bokiti ta hau. Muka kankare tsohon shafen bango har sai da bulo ya fito tsirara. Muka haƙa magudana a gindin bango ta zagaye ɗakin, muka zuba tsakuwa, muka kai ta wani rami a kusurwa inda injin jan ruwa zai zauna. Sannan sabon shafe da maganin hana ruwa, hawa kan hawa, kowane sai ya sha iska kafin a ƙara. To iska a ina? A sama shafe yakan bushe ka dawo washegari ka ci gaba. A ƙasa sai ka zauna kana kallonsa yana gumi. Muka kunna gawayi a tsofaffin kwanoni don ya busar, hayaƙin ya kusa kashe mu, muka fito muna rarrafe. Ƙurar siminti ba ta da inda za ta je sai ƙirjinka. Har yau in na yi tari da asuba, susol ɗin Alhaji nake tofarwa. Wannan shi ne zaɓen fentin da kuke faɗa.

Da bango ya bushe aka shiga tsarin ciki, nan kuma Alhaji ya farka. Ya je Dubai sau ɗaya, tun daga nan bai dawo daidai ba. Yana son rufin ciki mai hawa-hawa da zane, da fitila mai lilo irin ta otal. Madam ta ce rufin ya riga ya yi ƙasa, in aka ƙara masa wani abu mutane za su riƙa cin abinci a sunkuye. Ya ƙi ji. Ni na raba gardamar, na hau titi na kira wani dogon Bafulatani mai sayar da agogo, na ce ya sauko ya tsaya a tsakiya da hularsa. Tsakanin hular da kankare bai wuce tafin hannu ba.

Na ce, "Alhaji, ina za a rataya fitilar? A wuyansa?"

Ya ce, "Kai dai Iro bakinka ba ya gajiya."

Aka bar rufi yadda yake, aka shafe shi fari. Fitilu ta sa muka binne su a jikin bango suna haska sama, sai ɗakin ya yi kamar ya ƙara tsayi. Kujeru ba a sayo ba, dakali muka gina a jikin bango aka ɗora katifu, don tsakiya ta zama hanya. Gashin nama ta ce ya tsaya a sama bakin titi inda ya saba, tukwane kuma a bayan gida, abinci ya riƙa saukowa a dafe, don hayaƙi da susol ba sa zama wuri ɗaya. Wurin wanke hannu ta zana ɗan ƙaramin kwano kamar na asibiti. Na ce mata mutanenmu ba hannu kaɗai suke wankewa ba, in lokacin salla ya yi ƙafa za su ɗaga su sa a ciki. Ta yi dariya, ta goge, muka yi doguwar kwata a ƙasa da famfo a jere da wurin zama. Matakala muka fasa muka sake, muka faɗaɗa ta yadda mai hawa da tire da mai saukowa da babbar riga za su wuce juna ba a yi ɓarin miya ba.

Duk wannan aiki ne, amma aikin da kowane magini mai hankali zai iya. Tagar ce daban.

Wata safiya Madam ta tsaya gaban bangon gefen titi ta daɗe tana kallonsa. Ta ce ɗakin nan ko an yi masa ado da zinariya, in ba rana da iska, kabari ne mai kujeru. Tana so a fasa doguwar taga a saman bangon, a wannan ɗan abin da ya fito waje, daga wannan kusurwa kusan zuwa waccan. Na ce mata ba da ni ba. Bangon nan shi ke ɗauke da shaguna da bene da matan Alhaji da jikokinsa. Ka fasa masa baki irin wannan, gidan ya zauna a kanka. Ba ta yi musu ba. Ta zauna a kan bulo ta zana mini yadda za a yi: a tokare rufin da ƙarafa daga ciki, a fasa kaɗan, a ɗaura rodi, a zuba kankare ya zama linto, wato gadar da za ta ɗauki nauyin sama, a jira ya kama, sannan a matsa gaba. Kaurin rodin da yawansa ita ta lissafa. Hannun da zai yi kuma nawa ne. Ta ce ta tambaya a unguwa, an ce mata in akwai wanda zai iya, ni ne, in dai ban gama ba. Ta san inda za ta taɓa ni, ja'ira.

Injin yanka ban yarda ya taɓa bangon ba, girgizarsa ta yi yawa. Da guduma da cizal na bi shi, a tsaye kan katako, kaina a manne da rufi, wuya a karkace. Ka buga, ka tsaya, ka sa kunne. Bango yana magana in zai ba da kai, wani ɗan ƙara ne kamar ana taka busasshen ganye, in ka ji shi ka ajiye guduma ka ƙara tokari. Na shafa farar ƙasa a kan wata tsohuwar tsaga a shagon sama, kullum da safe sai na je na duba ko ta buɗe. Rodi da hannuna na lanƙwasa, ban ba kowa ba. Kankaren da kaina na auna, na kwaɓa, na ɗura shi ta ɗan wurin da hannu ke shiga da ƙyar, ina zungura da sanda don kada iska ta ɓuya a ciki. A gama wannan yanki a jira. Alhaji yana saukowa yana cewa azumi ya matso, yana so a buɗe kafin Salla. Na ce masa kankare bai san Salla ba. Matansa kuwa suka kwashe yara suka koma gidan 'yan'uwa a unguwar Madagascar, wai ba za su kwana a kan ramin Iro ba.

Ranar da muka sassauta tokaran, mutane sun taru a titi kamar ana rabon nama. Wasu sun zo ne su ga gida ya faɗi, na san su, na san inda suka tsaya. Na sa aka kwance ƙarafan ɗaya bayan ɗaya, ni ina tsaye a ƙarƙashin linton, don in zai sauko ya fara da ni. Ko ƙura ba ta zubo ba. Muka cire katakon, sai rana ta shigo ta kwanta a kan bangon can ƙarshe, ɗakin da bai taɓa ganin rana ba tun da aka gina shi. Iska ta ratsa daga tagar ta fita ta matakala, ka ji ta a bayan wuyanka. Aka sa gilasai sirara masu buɗewa da ƙarafan tsaro. Madam ta miƙo mini hannu, ta tuna ba ma musabaha da mata, ta mayar, ta ce Shef, wannan aiki ne. Satin bai ƙare ba aka fara aiko mini daga Madagascar da Nkomkana, masu susol suna so in zo in duba nasu. Masu cewa na gama suka koma gaishe ni tun daga nesa.

Saura abu ɗaya. In aka yi ruwan sama titin nan kogi yake zama, kuma tagar tana dab da ƙasa. Sai na gina ɗan dakali a gabanta, dogo, ya tare ruwan ya kai shi kwata. Na shafe shi sumul. Ya yi kyau, ga inuwar baranda a kansa.

To, a Birik ba a gina dakali a inuwa a ce na ruwa ne.

An buɗe bayan Salla. Kwanakin farko wurin ya cika. Tuwo da miyar kuka, shinkafa, farfesun kai, gasasshen nama daga sama, shayi. Baƙin da suke zuwa unguwarmu cin nama da yamma ba su sauka ba, su hayaƙin bakin titi suke so, a tsaye. Masu cika wurin kullum 'yan unguwa ne, teloli da mahauta da 'yan kasuwa. Kuma ba fitilun bango suka kawo su ba. Abin da ya kawo su, wanda ba wanda ya faɗa da baki, shi ne a karon farko an samu inda mutum zai ci abinci a Birik ba a gan shi ba.

Kun san al'adarmu. Ba ka cin abinci ka haɗa ido da wanda ka sani ka yi shiru, dole ka ce masa bismillah. A wasu wurare sai a ce alhamdulillahi a wuce. A nan akwai masu amsawa. Ni an haife ni a unguwar nan, Alhaji ya tsufa a cikinta, mun san wannan kamar yadda muka san sunayenmu. Amma duk tsawon aikin nan, muna ta lissafin ruwa da iska da nauyin bene, ba wanda ya tuna da shi.

Wanda ya fara gano dakalin Baba Garga ne, tsohon dillalin shanu, wanda tun ina yaro ban taɓa jin ya ce ya ƙoshi ba. Ya zauna ya huta, ya waiga, sai ga farantan mutane a ƙarƙashinsa kamar an jera masa a talabijin. Ya sunkuya ya yi sallama ta tsakanin gilasai. Na ƙasa suka ɗaga kai, aka haɗa ido, magana ta ƙare. Ya zagaya ya sauko. Washegari ya zo da abokinsa. Kafin wata ya ƙare dakalina ya zama majalisa, daga hantsi har la'asar, kowa ya zauna a karkace, ido ɗaya a titi ido ɗaya a ƙasa. Ka sayi farfesu kwano ɗaya ka tashi da cokali uku a ciki.

Da ma a nan ya tsaya da sauƙi. Ɗanlami tela ya ce wa wata Hajja ya tafi kasuwar Mokolo sayen zare, shi ya sa ɗinkin bikinta bai samu ba. Tana komawa gida ta bi ta layin, ta leƙa, ga shi zaune da rabin kaza a gabansa, ya naɗe hannun riga.

Ta sunkuya ta ce, "Ɗanlami, Mokolon ke nan? Sun canza mata wuri?"

Ɗakin duka ya ji. Wani bawan Allah kuma, ba zan faɗi sunansa ba don limanci yake yi wani lokaci, ya bar gida da cewa yana azumin Alhamis. Surukinsa ne ya gan shi ta tagar, hannu dumu-dumu cikin miya. Masu barin tuwon gida su zo su ci nama a ɓoye kuwa ba a magana, labari yana riga su isa gida. Sai mutane suka fara gudun teburan da rana ke sauka a kansu, waɗanda Madam ta ce su ne zuciyar wurin. Ka sauka ka ga gefen taga wayam, manyan mutane da manyan riguna sun cunkushe a lungun baya kusa da ƙofar ban ɗaki, kowa ya juya wa haske baya yana ci da sauri kamar ɓarawo. Daga baya lungun ma ya daina isa, suka daina zuwa. Tukwane suka riƙa kwana da abinci.

An gwada dabaru. Aka sa labule, iska ta riƙa ɗaga shi, in ba ta ɗaga ba Baba Garga ya sa sandarsa ya taimaka mata. Aka rufe gilasan aka shafa musu farin fenti, sai zafi ya dawo, kuma aka samu mai kankare fentin da farce daidai faɗin ido. Na ce a fasa dakalin, ruwan farko ya nuna mana ba zai yiwu ba, kuma ko ba dakali sun riga sun koyi tsugunno. Alhaji ya sa aka zuba baƙin mai a kansa, suka zo da kwali suka shimfiɗa. Korarsu kuwa ba mai iyawa, cikinsu akwai sa'annin mahaifin Alhaji, akwai waɗanda suka yi masa waliccin aure. Magana ta riga ta zauna a unguwa: wurin Alhaji Bappa ana ganin mutum.

Wata ranar Laraba bayan la'asar ya aiko a kira ni. Na same shi a baranda, ya sa aka kawo mini shayi, abin da bai taɓa yi ba. Tun daga nan na san ba alheri.

Ya ce, "Malam Iro, tagar nan za a toshe."

Na ce a sake gwada gilashi mai duhu, wanda na ciki ke ganin waje, na waje ba ya ganin ciki. Ya girgiza kai. Ya ce ko an sa, ba wanda zai yarda ba a ganinsa.

"Bulo nake so. So nake mai wucewa ya ga bango da idonsa, ya je ya faɗa."

"Alhaji, in ka toshe ta danshi zai dawo kafin damina ta fita. Warin fatunka yana nan cikin bangon, barci kawai yake yi."

"Za a sa fanka."

"Da wace wutar?"

Ya kurɓi shayinsa. Ya ce, "Iro, mutum yana iya cin abinci cikin wari. Ba ya iya ci ana kallonsa."

Na ce a kira Madam, ita ta zana. Ya kira ta a waya a gabana ya buɗe murya. Da farko ta ɗauka wasa ne, ta yi ta dariya. Da ta gane da gaske yake, ta tambaya ko duk wannan don kada a ce wa mutum ya zo a ci ne, ta ce a wurinsu in an gan ka kana ci sai a ce a ci lafiya a wuce. Alhaji ya ce mata nan ba wurinsu ba ne. Ta ce gidansa ne, ya yi yadda ya so, amma kada a sake cewa ita ta tsara wurin, kuma ba za ta zo ta gani ba. Ta kashe wayar. Ita tana da inda za ta je. Ni a layin nan nake sayen goro.

Na ce masa ni ma ba hannuna. Ya ce ya san zan faɗi haka, shi ya sa ya riga ya yi magana da Shehu Gaggawa, zai zo gobe bayan azahar. Shehu magini ne a Madagascar, sunansa ya gaya muku irin aikinsa. Na tambaya yadda ya ce zai yi. Alhaji ya ce ya zo ya duba, ya ce abu ne mai sauƙi, zai ɗan farfasa ƙasan linton da guduma don siminti ya samu wurin kamawa. Ƙasan linton. Inda rodin yake kwance, da ɗan kankaren da na rufe shi da shi don kada danshi ya kai gare shi. A farfasa nan, a liƙe, a shafa fenti. Ba wanda zai ga komai sai bayan shekaru, lokacin da tsatsa ta gama cin ƙarfen, da shaguna da bene a kai. Na faɗa wa Alhaji haka. Ya ce to ni na ƙi, shi kuma ba zai zauna yana zubar da tuwo ba. Na ajiye masa kofinsa da sauran shayin a ciki, na ce Allah ya ba Shehu sa'a, na tafi.

Kada ku tambaye ni ko Alhaji ya yi gaskiya. Ya yi. Yau in ka je da azahar ba ka samun wurin zama. Fenti ya kumbura yana zubowa, warin ya farka, fanka tana juya shi daga wannan kusurwa zuwa waccan, mutanenku suna zaune a ciki suna sharce gumi suna cin kaza hankali kwance. Haka aka gaya mini, ni ban sake cin komai a can ba. Sai ku je ku ɗauki hoton fitila.

Washegarin waccan Larabar, ana idar da sallar asuba na ɗauki cokalina da igiyar awo da bokiti. Bulo da yashin da aka sauke wa Shehu suna nan a bakin titi. Na tashi mai gadi ya buɗe mini. Na kwance gilasan ɗaya bayan ɗaya na jingine su a lungu, ban fasa ko ɗaya ba. Na kwaɓa siminti, na jiƙa bakin tagar, na fara jerawa daga ciki, ina sakin igiya a kowane layi kamar bangon da za a zo gani. Linton ban taɓa shi da ƙarfe ba, tsakaninsa da bulo da yatsa na cusa siminti. Gari ya waye sosai lokacin da ya rage gurbi ɗaya, rana ta shigo ta nan ta sauka a kan tebur, faɗin faranti. Na ji takun sandar Baba Garga a sama, na ji ya zauna. Na ɗauki bulon ƙarshe na tura shi a gurbinsa, na bi gefensa da cokali. Na lalubi makunnin fitila na danna, babu wuta. Na tattara kayana a duhu, na bi bango da hannu har na samu matakala.